Jakar da Ba a Sa Mata Komai Ba

Ƙudan zuma ya taɓa rufe mini baki na kwana biyu cur, abin da iyayena da malamaina da matata suka yi shekaru suna nema ba su samu ba. Ni ne direban gonar gwajin gahawa. Ranar na sauke ma'aikata a bakin fili da sassafe, na tarar furanni sun buɗe fari fat kamar an yi wa kowane reshe shanya, ƙamshi har cikin mota. Karambani ya ja ni na cusa hanci cikin wani curin fure, ban san da mai gida a ciki ba. A leɓen sama ya same ni. Na daka tsalle ina yarfe hannu, hulata ta faɗa cikin lambatu. Matar yayana na tsaye bai fi taku biyar daga inda nake ba, da jaka buɗe a hannunta. Na juya ina jiran ta ce mini sannu, sai ta tambaye ni wane ɓangare ƙudan ya nufa.

Kafin rana ta take leɓen ya kai lemo. Har yau tsofaffin ma'aikata suna kiran lokacin da kwana biyun da gona ta huta. Haka matar take: in furen gahawa ya buɗe, ba ta da ƙanin miji, ba ta da kowa, sai reshen da ke gabanta da abin da zai iya sauka a kansa.

Mai Jaka ake ce mata a gona, tun daga mai gadi har tsohon Dokta, shugaban gona na da. Ni kaɗai nake ce mata Matar Yaya, ita kuma Auta take ce mini, ko da yake furfura ta ci rabin gemuna. Gajeriya ce, ba ta da jiki, tana tafiya kai a ɗan sunkuye kamar mai neman allurar da ta faɗi. 'Yar tela ce. A gindin keken mahaifinta ta tashi, tun ƙafarta ba ta kai feda ba ta iya kalmasa da hannu. Shekara ashirin da bakwai ta yi tana ɗinka wa furanni jaka tana ɗaura musu.

Wanda bai san gahawa ba zai ce me fure zai yi da jaka. Akwai gahawar da furenta ke barbarar kansa, ka shuka ta ita kaɗai a bayan ɗaki ta yi maka 'ya'ya. Wadda ake gwaji a gonar nan, robusta, ba haka take ba. Ba ta karɓar garin furenta, sai na wata bishiyar. Tsohon Dokta, wanda ya koya wa Mai Jaka aiki, ya taɓa kiranta ɗakin gwaje-gwaje ya yi mata bayani. Ya ce kowace bishiya tana ɗauke da alama biyu na gado, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma kowace ƙwayar garin fure da ɗaya daga cikinsu take fita. In gari ya sauka a kan zaren tsakiyar fure, sai ya tsiro wani siririn bututu ya gangara neman ƙwai. In alamarsa ta zo ɗaya da ta bishiyar, sai a tare shi a rabin hanya. Ya sa ta leƙa madubin na'ura, ta gan su da idonta, sirara, sun tsaya cak, kawunansu a kumbure kamar mutanen da aka rufe wa ƙofa.

Ta ɗago ta tambaye shi, to in mutum ya yanki rassa ɗari uku daga bishiya ɗaya ya dasa fa? Tsohon ya yi dariya ya ce ai wannan mutumin bishiya ɗaya ya dasa, sau ɗari uku.

Ba ta gaya masa dalilin tambayar ba. Mijinta, yayana, lebura ne a gonar kafin ita. Yana da ɗan fili a bayan tsauni inda babu mai noman gahawa kusa. Akwai wata bishiya a gonar gwaji da ta fi kowace zuba 'ya'ya, sai ya riƙa yanko rassanta kaɗan-kaɗan yana kaiwa gida cikin jiƙaƙƙen buhu, ba tare da ya tambayi kowa ba. Ɗari uku suka kama. Shi da ita suka ɗebi ruwa a kai shekara huɗu. Ranar da suka yi fure, filin ya yi fari har maƙwabta suka zo kallo, Yaya yana ta zagayawa yana taɓa rassa kamar mai gaisawa da baƙi. Furen ya bushe, ya zube, babu komai. Shekara ta biyu ma haka. Wasu suka ce ƙasa ce, wasu suka ce baki ne. Ya ƙara taki, ya ƙara ruwa. Bai iya zuwa ya tambayi Dokta ba, don sai ya faɗi inda ya samo rassan. A shekara ta uku ya ɗauki gatari ya sare su da hannunsa, kuma tun daga ranar maganarsa ta ragu. Ciwon ƙirji ya ɗauke shi bayan shekara biyu, Allah ya jiƙansa. Aka ba matarsa aikin facin buhu a sito don ta riƙe 'ya'yanta. A nan tsohon Dokta ya ga ɗinkinta, ya juya buhu ciki da waje, ya ce mai wannan hannu ba ta buhu ba ce.

Aikinta na kwana kaɗan ne a shekara, amma duk shekarar a kansa take rataye. Bayan watannin rani, in ruwan farko ya sauka, sai ta fara ƙirga kwana. Wajen kwana na takwas ƙunshin furanni zai yi tsawo kamar ƙananan kyandir, gobensa su buɗe. A wannan rana ɗaya za ta bi rassan da aka zaɓa ta sa musu jaka. Farin yadi ne mai matsattsiyar saƙa, da zoben waya biyu a ciki don kada yadin ya kwanta kan fure. Ta naɗa auduga a jikin reshe, ta tattara bakin jaka a kai, ta ƙulle sau biyu, sannan ta shafa giris a ƙasan ƙullin saboda kiyashi. Washegari ta zo da garin bishiyar da Dokta ya zaɓa ta zama uba, a cikin 'yar kwalba, ta buɗe jaka, ta shafa da ɗan burushi, ta mayar ta rufe kafin iska ta ankara. Tsakanin reshe da reshe ta tsoma burushin a sifirit. Ba ta magana a lokacin, ba ta amsa gaisuwa.

Akwai kuma jaka ɗaya da ba a sa mata komai. Jakar shaida ake ce mata. A ɗaura ta kamar sauran, amma ba a buɗe ta, ba a shafa mata garin kowa. Tunda bishiyar ba ta karɓar nata, dole reshen ya fito wayam. In kuwa ya yi 'ya'ya, to wani abu ya shiga, kuma duk jakunkunan da hannun nan ya ɗaura sun zama abin zargi. Shekara ashirin da shida jakar shaidar Mai Jaka tana fitowa wayam, in ta yi yawa a ga ɗa ɗaya ko biyu, abin da aka saba gani ko a wurin wa.

Sabon Dokta ya zo bayan tsohon ya yi ritaya. Mutum ne mai ladabi, bai wuce arba'in ba, Mama yake ce mata, kuma yakan miƙe tsaye in ta shiga ofis. Ya zo da tsarinsa, ciki har da tumɓuke tsohon fili mai bishiyoyin da aka tattaro daga dazuzzuka tun kafin a haife shi, don a dasa sababbi. A shekara ta biyu da zuwansa, Mai Jaka ta ɗaura jaka arba'in na aure, wato waɗanda za a shafa wa garin wata bishiya, ta rage ɗaya ta shaida. Ta wuce da ita har ƙarshen layi na goma sha tara a tsohon fili, wurin wata tsohuwar bishiya mai karkataccen gindi da ba wanda ya taɓa kula ta. Dalilinta shi ne bishiyar tana jikin shinge, bayan shingen kuma amyar wani mai zuma ce. Jakar da ta tsira a nan ta tsira ko'ina.

Bayan mako guda ta cire jakunkuna ta bar lamba a kowane reshe. Bayan wata biyu ta koma zagaye. A reshen shaida abin da aka saba gani busassun ɗigo ne, ka bi su da babban yatsa su zube. Ta bi da yatsa. Ba su zube ba. Kore ne shar, masu tauri, sun fara kumbura. Ta ƙirga sau uku: arba'in da shida.

Babu kowa a layin. Da ta matsa yatsan kaɗan ta murje su, da ba wanda zai taɓa sani, kuma ta san haka, don yatsan yana kan reshen. Ta daɗe a tsaye. Tunani biyu ne suka zo mata. Na farko shi ne hannunta ya ƙare. Ta fi shekara tana lura da wata 'yar rawa da yake yi da safe, tana ɓoye shi a cikin mayafi. Na biyun kuwa ta ji tsoron ƙarasa shi: wataƙila babu abin da ya shiga, wataƙila wannan bishiyar ce ta buɗe wa nata ƙofa. Irin bishiyar da, da ita Yaya ya yanka, da filinsa bai tashi a banza ba.

Ta janye yatsan, ta rubuta arba'in da shida a takarda, ta kai ofis da kanta.

Dokta ya miƙe kamar kullum. Ya karanta, sannan ya ce ɗaya ko biyu kan faru, arba'in da shida kuwa ɓula ce. Wata takarda ta rage a hannunta, gefenta yana kaɗawa. Ya kalli hannun, ya kawar da kai da sauri, ita kuma ta ga ya gani. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ba shi da yadda zai yi, sai an soke duk aure arba'in na bana, tunda ba za a iya rantsuwa da ubansu ba. Ya ce ta ɗan huta da jaka, ta koma rumfar renon tsirrai tana cika leda da ƙasa, aiki ne na zaune, ya fi mata sauƙi.

A gida ta ɗauko jakar, ta juya ta, ta ɗaga ta a rana tana bin ɗinkin taƙi-taƙi. Ta zuba mata fulawa, ta ƙulle, ta yi ta bugunta a kan baƙin ƙyalle. Ko ƙura ba ta fito ba. Amma jaka daban, ƙulli daban. Ƙullin ranar ita ta kwance shi da hannunta, babu inda za ta je ta sake dubawa. Ta naɗa audugar sau biyu ko sau ɗaya? Ta shafa giris ɗin zagaye, ko ta bar wani gefe? Abin da ta yi sau dubbai, yanzu ta kasa tuna yadda ta yi shi sau ɗaya.

A gona ba wanda ya yi mata dariya, kuma da sun yi da ya fi mata. Tausayi suka yi ta zuba mata. Wannan ya ce shekaru ne, wancan ya ce ai ta yi ƙoƙari. Matan da ke cika leda suka riƙa miƙo mata kujera mai jingina. Ni ma na gwada tawa, na ce ko bishiyar ce ta gaji da zawarci ta auri kanta. Ta dube ni tsawon lokaci har na fara neman hanyar fita, sannan ta ce na maimaita. Na maimaita a hankali. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma zage ni ba, abin da ya ba ni tsoro.

Ashe wani abu ta tuna. Tsohon Dokta ya taɓa tilasta wa wata bishiya ta karɓi garinta da wata dabara ta ɗakin sanyi, ya samu 'yan ƙwayoyi ya shuka. Wasu daga cikin tsirran suka fito fari sol, babu ɗigon kore, suka mutu cikin makonni. Ya ce mata bishiya tana iya ɓoye aibi a cikin jininta, muddin da baƙo take haɗuwa lafiyar baƙon kan rufe shi. In ta haɗu da kanta kuwa, aibin kan zo ta wajen uwa ya zo ta wajen uba, sai ya fito fili a kusan ɗaya cikin huɗu.

Ta koma ofis ta roƙi abu biyu: a bar arba'in da shidan nan su nuna, kuma kada a taɓa bishiyar sai ta shuka su. Za ta shuka na wajen jaka ma daga bishiyar, a akwati daban. Dokta ya gane inda ta dosa tun kafin ta gama.

Ya ce, "Mama, in kashi ɗaya cikin huɗu na cikin jaka suka fito fari, na waje kuma babu ko ɗaya, ni da kaina zan zo in duƙa in ƙirga. Amma ki sani, ba kowace bishiya ke ɗauke da wannan aibin ba. Suna iya fitowa kore duka, mu tashi ba mu san komai ba."

Ta ce ta sani.

"Kuma katafila za ta shiga filin kafin ruwan baɗi. Wannan ba zan iya ɗagawa ba."

Ta ce ta ji. Ba ta gaya wa kowa abin da take jira ba, don ta ƙoshi da tausayi.

Gahawar nan wata goma take yi kafin ta nuna. Wata takwas ɗin da suka rage Mai Jaka tana cika leda da safe, in an tashi hutun rana ta taka har layi na goma sha tara. Ta ɗaura wa reshen jan ƙyalle don masu tsinka. Ta sa masa raga saboda tsuntsaye. Biyu suka faɗi da kansu, tsutsa ta ci ɗaya. Sauran suka yi ja, ta tsinke su ɗaya bayan ɗaya cikin kwanon shanta, ta ɓare da hannu, ta wanke, ta zubar da waɗanda suka taso saman ruwa. Ta samu ƙwaya saba'in da tara. Ta ɗebi tamanin daga sauran rassan.

Rumfar reno tana hannun wani dattijo da ake kira Baban Rumfa, abokin Yaya ne tun suna samari, kuma matar abokina yake ce mata. Shekara talatin yana reno, kuma doka ɗaya gare shi da ko Dokta bai isa ya taɓa ba: tsiron da ya nuna rauni ba ya kwana. Mai karkataccen wuya, mai rawayan ganye, mai ƙaramin jiki, a ranar zai tuge shi ya jefa ramin taki. Yakan ce raunanan dashe shekara huɗu yake cin ruwan manomi kafin ya ci amanarsa. Saboda haka rumfarsa kullum kore shar, layi-layi kamar an auna da igiya. Ya ba ta lungu mai inuwa, ya tankaɗe mata yashi da kansa, ya ajiye akwati biyu, na dama na cikin jaka, na hagu na waje. Bai tambaye ta komai ba. A zatonsa tsohuwa ce ke rarrashin zuciyarta.

Mako bakwai yashi bai motsa ba. Sannan suka fara tasowa, kowanne da ƙwayarsa a ka, abin da ma'aikata ke kira sojoji masu hular kwano. A makon da hulunan suka fara tsagewa, katafila ta iso a bayan tirela, aka sauke ta a bakin tsohon fili. Ta fara daga layi na ɗaya. Daga rumfa ana jin kukanta da ƙarar saiwa tana tsinkewa, layi uku ko huɗu a yini.

Ranar Litinin wani tsiro a akwatin dama ya yar da hularsa, ganye biyu suka buɗe, farare kamar takarda. Mai Jaka ta nemi bulo ta zauna. Ba ta taɓa murnar ganin abin da zai mutu ba, kuma ko a ranar ba za a kira abin da ta ji murna ba. Talata suka zama tara. Dokta yana wani taro a birni, sai Alhamis zan ɗauko shi. Laraba da la'asar ta ƙirga: sittin da bakwai sun fito a dama, goma sha shida farare. A hagu saba'in da ɗaya, kore duka. Katafila ta kwana a layi na goma sha huɗu.

Alhamis ta riga kowa zuwa, ban da Baban Rumfa. Ta nufi lungunta, ta tsaya. Akwatin dama kore ne shar. An yi masa ban ruwa, an lallashe yashin sumul, babu ko gurbi.

Dattijon ya taho yana goge hannu a riga, fuskarsa cike da annuri. Ya ce ya ji Dokta zai shigo yau, shi ya sa ya yi sammako. Kwana uku yana ganin fararen nan yana danne zuciyarsa don nata ne, amma ba zai bari mutumin nan ya zo ya ga irin wannan a akwatin matar abokinsa ba, bayan abin da aka yi mata bara.

Ya ce, "Na rufa miki asiri. Yanzu ko wa ya gani zai ce irin kirki ne."

Ta ce, "Ina ka zuba su?"

"Inda ake zubawa mana."

"Baba, su ne shaidata. Shekara guda su nake jira."

Bai gane ba sai da ta yi masa bayani a tsaye, cikin jimla uku ko huɗu, tana tuɓe takalmi. Annurin ya bar fuskarsa a hankali. Ta shiga ramin taki har gwiwa. An riga an juye baro biyu na shara da ruɓaɓɓen ɓawon gahawa a kai. Tsiron gahawa na mako guda bai kai tsinken ashana biyu ba, kuma farin ganye in ya sha laka ba ya zama fari. Ta riƙa ɗiban sharar da tafin hannu tana bajewa a kan buhu, tana tsincewa. Dattijon ya tsaya a baki kaɗan, sannan ya naɗe wando ya shiga shi ma. Can nesa katafila ta tashi.

Da na shigo da Dokta wajen ƙarfe goma, a bakin rumfa muka same ta, laka har gwiwar hannu. Ta ɗauraye su a bokiti ta jera a kan baƙin ƙyalle, goma sha huɗu, sun yi laushi, wasu sun karye a wuya. Dokta ya sauka da rigarsa ta taro, ya duƙa kamar yadda ya yi alkawari. Ya ɗaga ɗaya da bakin biro, ya duba, ya ajiye. Sannan ya yi tambayar da dole ya yi: ta yaya zai san daga wane akwati suka fito?

Mai Jaka ta dubi akwatin dama. Yashin an share shi, kuma maganarta ita ce abin da ake shari'a a kai. Baban Rumfa ne ya matso, hularsa a hannu. Mutum ne da bai taɓa cewa ya yi kuskure a rumfarsa ba, har muryarsa ta canja. Ya ce shi ya tuge su da asuba, goma sha shida ne ba sha huɗu ba, don bai taɓa tuge tsiro bai ƙirga ba. Duka daga akwatin dama. Na hagu ya bi shi sau biyu yana neman abin cirewa bai samu ba. Ya ƙara da cewa shekara talatin yana renon 'ya'yan tsohon fili, bai taɓa ganin fari ko ɗaya ba sai a akwatin nan.

Dokta ya ƙirga koren da suka rage a dama, hamsin da ɗaya. Ya yi lissafinsa a bayan takardar taro. Ya daɗe yana kallon abin da ya rubuta.

Ya ce, "Mama, jakarki ba ta ɓule ba. Ni ne ban tsaya na bincika ba."

Ta ce, "Katafila tana layi na goma sha shida."

Bai aike ni ba. Da ƙafa ya tafi, yana gudu-gudu cikin takalmin ofis, muna hango shi yana ɗaga wa mai katafila hannu. Aka kafa turaku huɗu aka zagaye bishiyar da igiya. Kafin mako ya ƙare ita kaɗai ta rage a filin, da karkataccen gindinta, jar ƙasa ta ko'ina.

Daga baya ya zaunar da ita ya gaya mata gaskiya, ba ƙari. Wannan alama ce mai ƙarfi, ba hukunci ba. Sai an sake sa jaka, sai an aika ganye babban ɗakin gwaji, sai an ga ko 'ya'yan sun gaji halin. In sun gada, ana iya shigar da shi cikin iri masu kyau, aikin shekara goma sha biyar ko fiye, kuma yana iya tashi a banza. Aure arba'in ɗin da ya soke kuwa sun tafi, an tsinke 'ya'yansu an haɗa da na kasuwa tun watannin baya. A ciki akwai wanda tsohon Dokta ya yi shekara tara yana shirya iyayensa.

Ya ce ta koma kan jakunkunanta. Ta ƙi. Ta ce ƙullin ranar ya yi kyau, yanzu ta sani, amma rawar hannun gaskiya ce, ba ƙage ya yi mata ba. Za ta ci gaba da ɗinki, za ta tsaya a kan masu ɗaurawa. Bishiya ɗaya kawai za ta ɗaura wa da kanta, ita ma gefe ɗaya, wani ya ɗaura ɗaya gefen, don in ta sake yin 'ya'ya kada a ce hannun mutum ɗaya ne. Fararen goma sha huɗu ta matse su a cikin tsohon littafi ta ba Dokta. Baban Rumfa kuwa ya rubuta da fenti a jikin akwatin dama cewa kada wanda ya taɓa, har shi.

Ranar Alhamis ɗin da yamma ni na mai da ita gida a motar gona. Tana gaba, hannayenta a cinya, ƙasan farcenta har lokacin da baƙin taki. Hadari yana haɗuwa ta gabas, na san ta fara shirin ƙirga kwana. Shirun ya yi mini yawa, ni kuwa ba na iya zama da shi. Na ce, Matar Yaya, shekara guda kin hana kanki sakat, kin sa dattijo ya shiga rami, kin sa Dokta gudu, duk a kan bishiyar da 'ya'yanta ke mutuwa tun a akwati, wannan zuriya ai ba ta shiga gidan mutunci.

Ba ta ko juyo ba.

Ta ce, "Hamsin da ɗaya suna nan da ransu, Auta. Kai dai gode wa Allah ba a rumfar reno aka haife ka ba, da ba ka kwana a akwati ba. Dubi hanya."